Habila, Shari'ar Likitocin Japan, da Gafarar da Aka Yi a Madadinmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Habila, kuma har yau in na tuna shi, haushi ne ke riga hawaye isowa. Na san ba haka ake buɗe irin wannan rubutu ba. Kamata ya yi in ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai son zumunci. Duk gaskiya ne, amma an faɗe su ranar da aka binne shi a Manchester, an kuma maimaita su a ƙauyenmu kusa da Kafanchan. Ni Saratu ce, ƙanwarsa. Na yi aikin jinya a Birmingham har na ajiye, ina zaune a unguwar Ladywood, kuma ban taɓa iya yi wa magana kwalliya ba.

Habila ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. A Filato ya fara, yana duba jinin shanu don gano cututtukan da ke kashe su. Daga baya ya zo Manchester ƙarin karatu, ya samu aiki, ya zauna. Aikinsa shi ne renon ƙwayoyin cuta a cikin faranti, don likita ya san wace ce ke damun majiyyaci da kuma maganin da za ta ji. Yakan wanke hannu har ya ba ka haushi. In na tsokane shi na ce wata rana sai fatar ta saɓule, sai ya ce ai ƙwayar cuta ba ta da mugunta, yunwa kawai take ji, mutum ne abin tsoro.

A wani shagon tsofaffin littattafai ya ci karo da labarin da ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Lokacin yaƙin duniya na biyu, sojin Japan sun kafa wata runduna ta sirri kusa da birnin Harbin a ƙasar Sin. Likitoci ne da masana ƙwayoyin cuta. Suna renon kwalara da taifot da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, suna gwada su a jikin fursunoni, yawancinsu Sinawa, har da mata da yara. Sun zuba ƙuma mai ɗauke da cuta daga jirgin sama a kan garuruwa. A tsakaninsu ba sa kiran fursunonin mutane, gungume suke ce musu. Bayan yaƙi, a ƙarshen shekarar 1949, Rasha ta gurfanar da mutum goma sha biyu daga cikin masu wannan aiki a birnin Khabarovsk. Sun amsa abin da suka yi, aka yanke musu zaman kaso, ba a kashe ko ɗaya ba, kuma cikin 'yan shekaru aka mayar da su gida. Ƙasashen yamma suka ce shari'ar farfagandar 'yan gurguzu ce, suka toshe kunne.

Amma ba wannan ne ke tayar wa Habila da jijiyar wuya ba. Manyan rundunar sun faɗa hannun Amurka, ita kuwa ba ta kai su gaban alƙali ba. Ta karɓi sakamakon gwaje-gwajen da suka yi a jikin mutane, ta ce su je an wuce wurin. Wasunsu suka koma suka zama manyan malamai a jami'o'i, wasu suka shiga harkar haɗa magunguna, suka tsufa cikin jikokinsu. Habila yakan buga tebur ya ce, “Masu sana'ata ne fa, Saratu. Farantin da nake riƙewa shi suka riƙe. To wa ya ba Amurka izinin yafe musu? 'Ya'yanta aka zuba wa ƙuma?”

Ya ishi mutane da wannan zance. A wurin suna, a wurin biki, a bayan sujada ana shan shayi, da zarar an ba shi ƙofa sai ya shigo da Japan. 'Yan cocinsu suka laƙaba masa Lauyan Sinawa. Wani ya taɓa tambayarsa ko babanmu ya je yaƙin Bama ne shi ya sa abin ya dame shi haka, ya ce babanmu ko Kaduna bai wuce ba, acca ya noma har ya mutu. Da wata kotu a Japan ta yarda cewa lallai an yi yaƙi da ƙwayoyin cuta amma ta ce babu diyya ga waɗanda abin ya shafa, kira na ya yi ina tsakiyar aiki. Na ce masa, “Yaya, ina da majiyyaci a gabana.” Ya ce shi ma kan majiyyata yake magana.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Habila da matarsa Rifkatu da 'yarsu Alheri suna haya ne a unguwar Whalley Range ta Manchester, cikin irin manyan gidajen nan na da da aka yanyanka aka mai da su ɗakunan haya. Mai gidan dattijo ne a cocinsu. Zan kira shi Baba Ayuba, ko da yake ba sunansa ba ne. Yana cikin waɗanda suka fara zuwa garin daga yankinmu, shi ya tari Habila a tashar jirgin ƙasa ranar da ya iso, kuma zauren da cocin ke taruwa a ciki nasa ne, ya ba su kyauta suna amfani da shi. Ba mugu ba ne yadda ake zana mugaye. Mutum ne mai yawan hidima da yawan mantuwa, wanda ya saba in ya ce “za a duba” kowa ya yi shiru.

A sanyin shekarar da ya rasu, boila, wato na'urar gas da ke ɗumama ruwa da ɗakuna, ta fara ba da matsala. Harshen wutarta ya koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, kuma duk gidan suna tashi da ciwon kai. Habila ya san abin da hakan ke nufi, gas mai guba ne ke taruwa a gidan, ya fi kowa sani. Ya faɗa wa Baba Ayuba bayan sujada, da baki, a tsugune, kamar yadda ake yi wa uba magana. Baba Ayuba ya ce zai turo mutum. Mako ya zagayo ba a turo ba, ya sake faɗa, aka sake cewa za a turo. Da Rifkatu ta gaya mini a waya, na ce wa Habila ya kira masu gas ko hukumar gari su zo su duba. Ya ce, “Haba Saratu, in kai ƙarar Baba wurin council? Da wane ido zan kalle shi ran Lahadi?”

Kun ji inda haushina yake. Mutumin da ke tsayawa gaban jama'a yana tuhumar janar-janar na Japan da shugabannin Amurka, ya kasa tsallake kan dattijo ɗaya ya ɗaga waya. Kara ce ta hana shi, irin wadda aka koya mana tun muna yara, cewa ba a kai babba ƙara, ba a rubuta wa ɗan'uwa takarda kamar baƙo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma na faɗa masa haka yana raye, ba yau na fara ba. Abin da ya iya yi shi ne ya turo Rifkatu da Alheri wurina a Ladywood su yi ƙarshen mako, ya ce shi zai kashe boilar ya jira mai gyara. Sanyi ya yi tsanani a kwanakin. Ran Lahadi bai je coci ba, maƙwabcinsa ya sa aka buɗe ƙofa, aka same shi ya rasu a kan kujera da bargo a kafaɗarsa. Boilar tana kunne.

Kafin mu gama karɓar gaisuwa, dattawan coci suka zo. Suka zauna da Rifkatu, suka buɗe Littafi, suka karanta mata ayoyin gafara. Suka ce wanda ya tafi ya tafi, ɗaure Baba Ayuba ba zai dawo da shi ba. Suka ce ba ma wanke ƙazantarmu a gaban Turawa. Abin da ba su faɗa ba shi ne, in aka taɓa Baba Ayuba, coci ba ta da wurin taruwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, su kuwa sun daɗe suna ci. Na ɗaga murya a wurin har aka fitar da ni daga falon, wani ya ce mini abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ina da shekara arba'in da ɗoriya a lokacin, da furfura a kaina.

Da hukuma ta zauna binciken musabbabin mutuwar, an ga cewa an duba boilar a farkon shekarar kamar yadda doka ta ce, daga baya ta lalace. Saura tambaya guda: shin an sanar da mai gida? Baba Ayuba ya ce bai tuna ba. Aka juya ga Rifkatu, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba. Ni ba a kira ni ba, don ban taɓa ji da kunnena lokacin da Habila ke faɗa masa ba. Aka rubuta hatsari, aka rufe. Ran Lahadin da ta biyo baya fasto ya miƙe ya sanar wa jama'a cewa iyalin marigayi sun yafe, aka yi tafi, aka rera waƙa. Alheri tana da shekara tara, tana zaune a jikina tana wasa da igiyar takalminta.

Ban taɓa riƙe Rifkatu a zuci ba. Mace ce da aka bari da yarinya a ƙasar da ba tata ba, takardun zamanta ba su gama daidaita ba, kuma duk wanda ta sani a garin yana cikin wannan cocin. Su ne suka kawo mata abinci, su ne suka nema mata wani wurin zama. Ta yaya za ta tsaya gaban Bature ta nuna dattijonsu da yatsa? Waɗanda nake jin haushi su ne waɗanda ba su rasa komai ba, suka zo da gafara a shirye kamar riga da aka ɗinka, suka ce sai an sa.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Habila zai ce da ya ga yau. Na tabbata da annobar korona ta same shi a raye, da ya kashe mu da bayani. Da ya ga duniya duka ta koyi wanke hannu irin nasa, da ya yi dariyar mugunta. Da kuma ya ga yadda 'yan cocinmu ke tura wa juna saƙonni a waya cewa wasu ne suka haɗa cutar don su rage baƙar fata, su ɗin nan da suke hamma in ya kawo musu labarin da ya faru da gaske, wanda waɗanda suka aikata suka amsa da bakinsu a kotu, da ya fasa wayar. An ce yanzu doka ta tilasta wa masu gidajen haya su sa ƙararrawar da ke kuka in gas mai guba ya taru a ɗaki. Na sayi guda biyu na maƙala a gidana, kuma duk lokacin da na gwada su suka yi ƙara sai in ji kamar ihu bayan hari.

Na san akwai masu karatu da za su ce na haɗa abin da ba ya haɗuwa, ina boila ina kisan dubban mutane. Ban ce ɗaya suke ba. Baba Ayuba bai yi nufin kashe kowa ba, waɗancan kuwa da gangan suka yi, da ilimi, da farin kaya a jikinsu. Abin da na gani iri ɗaya shi ne yadda aka ƙare zancen. Masu ƙarfi suka zauna, suka duba abin da za su samu da abin da za su rasa, suka yanke cewa an wuce wurin, kuma wanda aka yi wa ɓarnar shi ne na ƙarshe da ya ji labari. Habila ya yi shekaru yana nuna mana wannan a can nesa, muna ce masa Lauyan Sinawa, ashe a zaurenmu za a yi shi a kansa.

Bana abin ya sake tasowa. Cocin na bikin cika shekaru da kafuwa, sabon fasto ya kawo shawarar a sa abin da ya kira shaidar gafara a cikin shirin. Rifkatu da Alheri za su fito gaba su tsaya tare da Baba Ayuba, a yi musu addu'a, matasa su ga yadda Kirista ke yafiya. Alheri yanzu tana da shekara ashirin, tana karatun likita a jami'ar da ke Edgbaston a nan Birmingham, kuma ranar Asabar takan zo wurina cin tuwo. Abin da ta sani game da mutuwar babanta shi ne hatsari ne, boila ta lalace ba wanda ya sani. Ta ce wa fasto ba damuwa za ta fito. A ganinta Baba Ayuba tsoho ne da ke jin nauyin abin da ba laifinsa ba, tana so ta sauke masa.

Na hau jirgin ƙasa na je Manchester na samu Rifkatu. Na ce mata ba za a tsayar da yarinyar nan gaban jama'a ta yafe abin da ba ta san an yi ba. Ta yi kuka, ta ce, “Yaya Saratu, ki bar ta ta gama uni lafiya. In ta ji, ni za ta tsana.” Na ce ko ta faɗa mata ko ni in faɗa, kuma ya fi kyau ta ji daga bakin uwarta. Mun rabu ba daɗi. Kwanaki ba ta ɗauki wayata ba, har na fara tunanin na ɓata zumunci a banza.

Wata Asabar Alheri ta shigo gidana ba ta ko cire jaka ba. Ta zauna, ta ce mamanta ta faɗa mata komai. Na zuba mata ido ina jiran ihu ko kuka, ba ko ɗaya. Ta ce a bara da aka ba su aikin rubutu kan ɗa'ar likitanci, labarin shari'ar Khabarovsk ta zaɓa, don shi ne abin da ta fi tunawa babanta yana faɗa a teburin cin abinci, ko da yake a lokacin ba ta gane komai ba. Sai ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, “Gwaggo, ba na son police, ba na son court. Ina so in tambaye shi da kaina. Za ki raka ni?”

Muka je gidan Baba Ayuba da rana. Ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya mutu, sanda na jingine a kujerarsa. Alheri ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka koya mata, ta tambayi jikinsa, ta tambayi iyali. Ba ta tashi daga durƙuson ba ta ce, “Baba, babana ya faɗa maka boilar ba ta da lafiya?” Matarsa da ke bakin ƙofa ta fara cewa ai wannan magana ta wuce, ya ɗaga mata hannu. Ya juyo wajen Alheri. Sannan ya ce, “Ya faɗa mini, 'yata. Ba sau ɗaya ba. Na ce zan turo mutum, ban turo ba.” Shekara goma sha ɗaya ina jiran in ji wannan magana, da na ji ta kuwa ban ji daɗin da na zata ba.

Ya roƙe ta ta yafe masa. Na zata nan take za ta amsa, don na san yadda aka rene mu, tsoho ya roƙe ka da hawaye bakinka kan riga zuciyarka amsawa. Alheri ta ce, “Na gode da ka faɗa mini gaskiya, Baba. Ban shirya ba tukuna. Zan dawo.” Ta miƙe, ta yi masa sai an jima, muka fito. Sai da muka kai bakin titi ta fashe da kuka, ta kama rigata kamar yarinya. Ran bikin ba ta fito gaba ba, Rifkatu ma ba ta fito ba, suka zauna a layin baya hannunsu cikin na juna. Na ji an yi ta tsegumi cewa tarbiyyar Turai ce, 'ya'yan da aka haifa a nan ba su da kunya. Ni da na ga durƙusonta na san ƙarya ne.

To me ya rage na Habila? Littattafansa suna cikin kwali a ɗakina, ba mai karanta su. Sinawan da ya yi wa lauya ba su san an yi shi ba, kuma yawancin waɗanda suka zuba musu ƙuma sun mutu a kan gadajensu ba wanda ya tsayar da su ya yi musu tambaya. Bai gyara duniya ba, ko boilar gidansa bai iya sa an gyara ba, kuma zan ci gaba da jin haushinsa kan wannan har in bi shi. Amma ya bar 'ya da ta iya gaishe da babba ta kuma tambaye shi abin da ya yi a zama ɗaya, abin da shi da duk iliminsa ya kasa. Ban san ko za ta koma gidan ba, ban kuma tambaye ta ba.

Makon jiya fasto ya kira ni. Ya ce tunda ina kusa da yarinyar, in taimaka in faɗa masa yaushe za ta shirya, don a sa abin a shirin baɗi. Na ce masa, “Fasto, ni ɗan'uwa na rasa, kuma nawa ma ban gama da shi ba. Ita uba ta rasa. Lambarta na wayarka, ka kira ta ka tambaye ta da bakinka.”